Haɗa fosta da Ingilishi don taron masana: amsa ga malamin motsa jiki daga Garwa

Wani malamin wasanni da motsa jiki da ke koyarwa a wata sakandare a Garwa, a arewacin Kamaru, ya kawo mini wannan tambaya. Ya auna juriyar ɗalibansa da gwajin gudun kai-da-komo na masani Luc Léger, wanda ake gudu tsakanin layuka biyu ana ƙara sauri har mutum ya gaza, wasu azuzuwa da safe, wasu da tsakar rana a lokacin zafi, ya ga na safe sun fi jurewa. Ya aika taƙaitaccen bayanin aikin zuwa wani taron masana wasanni da za a yi a Najeriya, aka karɓa, amma aka ce fosta zai kawo, kuma da Ingilishi. Da Faransanci ya yi duk karatunsa, Ingilishin yanzu yake farfaɗo da shi. Yana riƙe da dogon rahoto, yana so ya san ta ina zai fara, kuma ko ya miƙa wa mai fassara ne ya huta.

Malam, barka da wannan ci gaba, Allah ya ƙara basira. Zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce mai haɗari: kada ka ba kowa rahoton nan ya juya maka shi. Mai fassara zai dawo maka da Ingilishi mai nauyi, dogayen jimloli da kalmomin da bakinka bai taɓa furtawa ba, sannan ranar taro kai ne za ka tsaya a gefen allon, shi yana gida. Duk kalmar da ke jikin fosta, wani zai iya ɗora yatsa a kanta ya ce ka yi masa bayani. Saboda haka kada kalma ɗaya ta hau wadda ba za ka iya kare ta a tsaye ba. Wannan sharaɗi shi kaɗai zai rage maka rubutun zuwa daidai adadin da ake so, kuma a nan ne ƙarancin Ingilishinka ya zame maka gata. Fostocin da na fi gani suna lalacewa na waɗanda suka ji harshen sosai ne, suka kasa yin shiru.

Ka fara sanin yadda zauren yake. Alluna ne jere, wani lokaci gommai, mutane na yawo a tsakaninsu da kofin shayi a hannu, sun riga sun gaji da sauraron jawabai. Mutum zai kalli fostarka na 'yan daƙiƙu daga nisan mita biyu ko uku, ya yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Ka san wannan yanayi daga filin makaranta: yara fiye da hamsin a rana, babu mai sauraron dogon bayani, sai ka busa usur, ka faɗi kalmomi uku, ka nuna da jikinka. Haka fosta take aiki.

Aikin farko ba na kwamfuta ba ne. Ka faɗi abin da ka gano da Hausa, cikin numfashi ɗaya, ga wanda bai san fagen ba: yaran da aka gwada da safe sun fi waɗanda aka gwada da tsakar rana daɗewa suna gudu. Idan jimlar ta fito sumul, sai ka rubuta ta da Ingilishi kai tsaye, kada ka bi ta Faransanci. Dalilina shi ne Faransancin da aka koya mana na rubuta kundi yana son kewaye, yana son jera sunaye da "de" da "des" har mutum ya manta farkon magana, kuma wannan kewayen yana bin mutum cikin Ingilishi. Jimla kamar "Pupils ran longer in the morning than at midday" ta wadatar. Ita ce za ta zama taken fostar, ko ta zauna ƙarƙashinsa da manyan haruffa. Take irin na kundin kammala karatu, wanda ke farawa da "nazarin tasirin kaza a kan kaza: misalin makarantar kaza", ba ya gaya wa mai wucewa komai. Amma ka lura: idan an riga an buga taken da ka aika a littafin taro, ka bar shi yadda yake domin masu neman ka su gane ka, ka ɗora jimlar sakamakon a ƙasansa.

A 2019 wani ɗalibin digirin digirgir a Amurka mai suna Mike Morrison ya fitar da bidiyo yana sukar fostoci masu cunkoson rubutu, ya ba da shawarar a cika tsakiyar allon da jimlar sakamako guda ɗaya, sauran bayanai su koma gefe da ƙananan haruffa. Salon ya bazu a taruka da dama. Ni rabin shawararsa nake ɗauka. Babbar jimla, e. Amma a fagenmu masu duba fosta suna son ganin zanen ƙididdiga da girmansa, ba sa son a matse shi a lungu, kuma wasu masu shirya taro suna da nasu tsarin da ba a ƙetarewa. Ka koma wasiƙar da suka aiko maka ka karanta ta sau biyu kafin ka buɗe PowerPoint: wane girma, a tsaye ko a kwance, da allura za a kafe ko da abin liƙi, ƙarfe nawa za a rataya, ƙarfe nawa za a sauke.

Girman da aka fi nema shi ne A0, wato santimita 84.1 a faɗi da 118.9 a tsawo. Wasu tarukan A1 suke so, santimita 59.4 da 84.1. Tarukan da ke bin tsarin Amurka sukan ce inci 36 da 48. Ka saita wannan girman a PowerPoint tun kafin ka rubuta harafi ɗaya, domin idan ka gama aiki a ƙaramin shafi sannan ka faɗaɗa, komai zai karkace. Haruffan take su kai lamba 80 zuwa 100, kanun sassa wajen 44, rubutun ciki kada ya gaza 28 idan da hali, 24 ita ce iyaka ta ƙasa. Salon rubutu ɗaya, Arial ko Calibri, baƙi a kan fari. Akwai gwaji mai arha: ka buga fostar duka a takardar A4 guda. A4 kashi ɗaya cikin huɗu ne na A0 a kowane gefe, don haka abin da ka iya karantawa a takardar da ka riƙe da miƙaƙƙen hannu, shi ne mutum zai iya karantawa a allon daga nisan mita biyu zuwa uku. Abin da ya gagare ka, ko ka ƙara masa girma ko ka cire shi. Yawanci cirewa ce ta fi.

Yawan kalmomi, kada ka wuce 400 zuwa 500. Rabon da nake ba ɗalibaina: jimloli uku na dalilin binciken, tambaya ɗaya, hanyar aiki a gajerun layuka, sakamako ya ci kusan rabin allon, sai abin da sakamakon ke nufi ga malami ko shugaban makaranta, sai iyakokin aikin. Manazarta uku ko huɗu sun isa, da ƙananan haruffa a can ƙasa. Dogon tarihin ilimin motsa jiki a Kamaru, da godiya ga kowa da kowa, su zauna a rahoto.

Bari in daɗe a kan hanyar aiki, domin a nan za a kama ka, ba a nahawu ba. Yadda ka bayyana mini, azuzuwan safe daban, na rana daban. Tambayar farko da duk mai hankali zai yi ita ce: yaran nan ɗaya ne aka gwada sau biyu, ko rukuni biyu ne? Idan rukuni biyu ne, wataƙila na safe sun fi shekaru, ko maza sun fi yawa a cikinsu, ko da ma sun fi ƙarfi. Idan akwai sauran lokaci kafin taron, ka sake gwajin da yara guda, rabi su fara da safe, rabi su fara da rana, bayan kwanaki su yi musanya, tare da ruwan sha da inuwa da damar tsayawa ga duk wanda ya galabaita. Idan babu lokaci, ka rubuta gaskiyar a sashen iyakoki da jimla ɗaya: "The two groups were different classes." Wanda ya riga ya faɗi raunin aikinsa, ana tattaunawa da shi, wanda ya ɓoye, tonawa ake yi. Haka nan ka rubuta yawan yaran, maza nawa mata nawa, wata da sa'ar da aka yi gwajin, irin filin, yashi ne ko siminti, da zafin da ka auna idan ka auna. Mutumin da ya zo daga Jos ko Legas bai san abin da ake nufi da ƙarfe ɗaya na rana a Garwa a watan Maris ko Afrilu ba, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ka rubuta masa lambar. Idan gwajin ya faɗo cikin azumi, wannan ma a faɗa.

Shi kansa gwajin, ka faɗi wanne ka yi, domin yana da iri-iri. Wanda Léger da abokan aikinsa suka wallafa a 1988 mita 20 ne, ana farawa da gudun kilomita 8.5 a sa'a, ana ƙara 0.5 kowane minti. Akwai kaset da manhajojin waya da ke farawa daga 8, akwai kuma na zagaye fili da malamanmu ke amfani da shi don auna VMA, wato saurin gudun da jiki ke kaiwa iyakar iskar da yake iya amfani da ita. Masu Ingilishi "20-metre shuttle run test" suke ce masa a rubuce, a baki kuma "beep test". Abin da kake kira "palier", wato kowane matakin sauri a gwajin, shi ne "stage" ko "level" a wurinsu. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Gajerun sunayen Faransanci ma suna sauyawa: VMA takan zama MAS, IMC (ma'aunin nauyi da tsawon mutum) ta zama BMI, EPS (darasin motsa jiki) ta zama PE. Kai kuma "PE teacher" ne. Idan ka rubuta "professor" a ƙarƙashin sunanka, za a ɗauka farfesan jami'a ne, kuma za ka sha kunyar warware maganar. "Collège" ma ba "college" ba ce, ka ce "secondary school". Sunayen azuzuwa irin su "quatrième" da "troisième" ba su da ma'ana a wajen tsarin Faransanci: a Najeriya JSS da SSS suke da su, a Bamenda da Buea "Form" ake cewa. Ka rubuta shekarun yaran kawai, kowa ya gane.

Hanya mafi aminci ta tabbatar da kalmar fage ita ce ka rubuta ta a Google Scholar ko PubMed, shafukan neman maƙalun masana, ka ga ko masana suna amfani da ita haka. DeepL da Google Translate suna da amfani ga gajeriyar jimla da ka riga ka san ma'anarta, amma sukan yi kuskure daidai a kalmomin sana'a, inda kuskuren ya fi ciwo. Nahawun da kake buƙata kaɗan ne: abin da ka yi da abin da ka samu, da sigar abin da ya wuce, "we tested", "we compared", "we found", abin da sakamakon ke nunawa, da sigar yanzu. Jimla kada ta wuce kalmomi 15. Kuma ka yi hattara da "prove". Bincike a makaranta ɗaya ba ya tabbatar da komai, "suggest" ita ce kalmar da ta dace da girman aikinka. Bayan ka gama da hannunka, sannan ka kai wa abokin aiki da ya tashi da Ingilishi, ai ba a rasa su a makarantunmu masu harshe biyu. Ka roƙe shi ya gyara kuskure kaɗai, kada ya ƙawata.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tona asirin kwamfutar da aka saita da Faransanci. Waƙafi a cikin lamba shi ne babba: mu 8,5 muke rubutawa, su 8.5, kuma a wurinsu 1,200 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyu. Excel ɗinka zai sa waƙafi a duk zanen da ya fitar sai ka shiga saitinsa ka canja alamar da kanka. Haka tazarar da Faransanci ke bari kafin ɗigo biyu da alamar tambaya, Ingilishi ba ya barinta. Ka kuma sauya harshen mai duba rubutu na PowerPoint zuwa Ingilishin Ingila, shi ake bi a Najeriya da Kamaru, don kada "metre" da "meter" su haɗu a allo ɗaya.

Zane shi ne zai yi maka rabin magana, gani ya kori ji. Babban zane ɗaya, ko biyu idan za ka raba maza da mata, kuma ina ba ka shawarar ka raba. Idan sanduna za ka yi, su taso daga sifili, kowane gefe da sunansa da ma'auninsa, yawan yaran kowane rukuni a rubuce a ƙasa, da alamar yadda sakamakon ya warwatsu, kuma ka faɗi ma'anar alamar. Kada ka yi sanduna masu kauri irin na 3D. Launi biyu sun isa, kuma kada su zama ja da kore, domin akwai maza da dama da ba sa bambance su. Shuɗi da ruwan lemo sun fi. Ka rubuta "Morning" da "Midday" a jikin sandunan, kada ka sa mutum ya riƙa kai-komo da ido zuwa wani akwatin bayani. A saman zanen, maimakon lamba da suna kawai, ka sa jimlar da ke faɗin abin da za a gani. Jadawali mai lambobi talatin kuwa, babu mai karanta shi a tsaye. Kuma kada ka rubuta "significant" sai idan da gaske ka yi lissafin da ke ba da damar faɗin haka, kuma za ka iya faɗin sunansa.

Hoto ɗaya na filin yana da daraja, domin baƙo ya ga ƙasar da inuwar da babu. Amma ɗalibanka yara ne: ka samu izinin makaranta da na iyaye, ka ɗauka daga baya ko daga nesa yadda ba za a gane fuska ba, kuma kada sunan yaro ko makinsa ya fito. Hoton da zai kai faɗin santimita 20 a allo yana buƙatar ɗigon hoto (pixels) wajen 1200 a faɗi. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, zai fito dishi-dishi. A turo shi a matsayin fayil.

Batun bugawa. Yawancin masu manyan injuna a garuruwanmu sun saba da kauraran ledar tallace-tallace da ta 'yan siyasa. Tana da ƙarko, amma tana da nauyi, allura ba ta riƙe ta sosai, kuma tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Ka nemi takarda marar sheƙi, ko yadi idan suna bugawa a kai, domin yadi yana naɗuwa ya shiga jaka. Ka kai musu PDF, kada ka kai fayil ɗin PowerPoint, don kada haruffa su sauya a kwamfutarsu, kuma ka tsaya a buga gwaji ƙarami ka gani tukuna. A yi wannan saura mako guda, saboda ɗaukewar wuta da ƙarewar tawada ba sa sanarwa. Don tafiya, yankin bututun ruwa na roba mai tsawon santimita 90 da murfi biyu ya wadatar. Ka naɗe fostar rubutu yana waje, sai ta kwanta a jikin allo idan an warware. Bututun ya zauna a hannunka, kada ya hau saman mota. Ka riƙe PDF ɗin a waya da kuma a filas (USB). Idan komai ya ɓaci, A0 takardun A4 guda 16 ne, ana iya bugawa a haɗa.

Sai tsayuwa, wadda na san ita ce ke hana ka barci. Ka shirya bayani na minti ɗaya, kalmomi wajen 120: ni wane ne kuma daga ina, me na tambaya, me na yi, me na samu, me ya kamata a yi. Kada ka haddace shi kamar karatun allo, domin da an katse ka zai zube. Ka haddace jimlar farko da ta ƙarshe, tsakiyar kuma yatsanka a kan zane zai ja ka. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Lambobi su ne suka fi ba mu wahala: "thirteen" da "thirty", "fourteen" da "forty", kuma shekarun ɗalibanka daidai nan suka faɗo. Idan za ka faɗi lamba, ka nuna ta. Ka rubuta tambayoyi goma da kake tsoro, ka shirya wa kowace amsa mai jimla biyu, ka sa abokan aiki su jefo maka su ba bisa tsari ba a ɗakin malamai.

Jimloli uku za su fitar da kai daga kowane lungu: "Could you say that again, more slowly?", da "Do you mean this?" kana nuna wurin, da "We did not measure that." Ta ƙarshen cikakkiyar amsa ce a wurin masana, ba a raina mai faɗinta. Kada ka buɗe baki da ba da haƙuri kan Ingilishinka; mutumin ya tsaya ne saboda yaran da suka yi gudu a rana. A Najeriya kuma za ka haɗu da Hausawan Kano da Yola da Maiduguri, da sun ji daga Garwa kake za a koma Hausa. Ka sake da su, amma ka ce su bari ka fara yi musu na minti ɗayan da Ingilishi, su ne masu sauraron da ba za su tsorata ka ba, kafin alƙalan fosta su iso.

Ka sa adireshin imel ɗinka a ƙasan fostar, da lambar QR idan kana da inda ka ajiye cikakken rahoton, amma ka gwada ta da waya biyu bayan an buga. Ka tafi da kwafin A4 kamar 20 na rabawa, da alƙalami don rubuta tambayoyin da aka yi maka a bayan ɗaya daga ciki, domin su ne za su gyara binciken idan za ka mayar da shi maƙala. Idan ka dawo Garwa, ka fitar da zanen da jimlar sakamakon da Faransanci a takarda ɗaya, ka kai wa wanda ke tsara jadawalin darussa a makarantarku kafin ya raba sa'o'in motsa jiki na shekara mai zuwa.